Yadda Ake Gano Abin Da Ke Sa Babban Mashin Rawar Kai A Babbar Hanya

Ranar da mashin ɗina ya fara yi mini rawar kai, na baro Kano da sassafe zan je Kaduna, na ɗan gota Kwanar Dangora. Lokacin hunturu ne, titi fayau. Na fito daga bayan wata tanka zan wuce ta, allura tana wajen 110, sai iskar gaban tankar ta buge ni ta gefe, daidai lokacin da tayar gaba ta hau wani facin kwalta mai tudu. Nan take kan mashin ya shiga kaɗawa hagu da dama kamar ana fizgar sa daga hannuna. Abin bai wuce daƙiƙa huɗu ba, amma na ji muryata tana salati a cikin hular kwano. Da na samu na gangara gefe na tsaya, sai gwiwoyina suka karɓi rawar.

Da na ba da labari a majalisa, wani ya ce ai duk manyan mashina haka suke, wani ya ce in sayi damfa, wato ƙaramin shokozoban da ake ɗaura wa kan mashin don rage kaɗawarsa, in huta. Duka biyun ba su taimake ni ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mashin da aka ƙera don doguwar tafiya bai kamata ya yi rawa a gudun da mota take yi ba, in kuwa ya yi, akwai abin da ya ci, ko ya saki, ko aka ɗora masa ba daidai ba. Yawanci ma abin mai araha ne. Ga jerin da nake bi, daga wanda ba ya cin ko sisi zuwa mai cin aljihu.

Mataki na 1: Tantance wace irin rawa ce

Iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Tun a 1971 wani injiniya ɗan Ingila, Robin Sharp, ya rarrabe su da lissafi, har yau kuma a kan aikinsa masana suke ɗorawa.

Ta farko ita ce rawar kai ta ainihi. Kan mashin da tayar gaba kaɗai ke kaɗawa, da sauri ƙwarai, kamar sau 6 zuwa 10 a daƙiƙa ɗaya. A tafin hannu ake jin ta. Ta fi son gudu matsakaici, wajen kilomita 60 zuwa 80 a awa, musamman idan ka saki totur kana rage gudu, ko ka cire hannu ɗaya za ka gyara gilashin hula. Rami ko tudu na iya tayar da ita a gudun da ya fi haka, kamar yadda ta yi mini.

Ta biyu ni rangaji nake ce mata. Ita mashin ne gaba ɗaya yake lanƙwasa kamar tafiyar maciji, a hankali, sau 2 zuwa 4 a daƙiƙa. A mazaunai da ƙugu ake jin ta, ba a hannu ba. Ba ta cika fitowa sai gudu ya yi yawa, tana kuma ƙaruwa da ƙarin gudu, ta fi tsanani a doguwar kwana da kaya a baya. Mutane da yawa suna zargin gaba alhali tushenta a baya yake.

Saboda haka kafin ka taɓa sifana, zauna ka tuna: a wane gudu ta zo? Kana ba da wuta ne ko kana ragewa? Kai kaɗai ne ko da goyo? Akwati cike ko fanko? Rubuta a waya. Bakanike nagari da waɗannan amsoshin zai fara aiki.

Yana da kyau kuma ka san dalilin da ya sa tayar gaba take miƙewa da kanta. Dubi ƙananan tayoyin gaban keken marasa lafiya a asibiti: inda tayar ke taɓa ƙasa yana bayan sandar da take juyawa a kai, shi ya sa take bin duk inda aka tura ta. Mashin ma haka ne. Wannan tazarar a Honda Gold Wing milimita 109 ce, a manyan Harley na tafiye-tafiye kuma wajen 170. Ita ke dawo da kai tsakiya idan wani abu ya karkatar da shi. To amma ka taɓa ganin an tura keken nan da gudu, tayar tana karkarwa? Ƙarfin da ke dawo da ita ne yake zarce tsakiya, ya sake dawowa ya zarce. Duk abin da za mu duba a ƙasa, abubuwan da ke kashe wannan kai-kawon ne kafin ya girma.

Mataki na 2: Iska

Sayi gejinka. Kada ka dogara da na mai faci, balle wanda zai ƙwanƙwasa taya da ƙarfe ya ce maka, "Oga, ta yi." Hannunsa ya saba da tayar ƙaramin mashin ne, ba da wanda ya haura kilo 300 ba.

Auna da safe kafin ka motsa, taya na sanyi. Idan ta yi tafiya iskar ciki tana zafi ta ƙaru, gejin ya nuna maka abin da ba shi ne ba, kuma kada ka sace iska daga taya mai zafi don ka ga ta haura. Adadin da za ka bi yana kan takardar da aka manna a jikin mashin ko a littafinsa. Wanda ke rubuce a gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Misali, Gold Wing mai injin 1800 yana son 36 psi (awon iskar taya a geji) a gaba, 41 a baya, manyan mashina da yawa kuma a nan kusa suke.

Da na auna tawa washegarin abin da ya faru, 25 na samu a gaba. Da ido kuwa ba za ka ce ta rage ba, don gefen irin waɗannan tayoyin yana da tauri.

Mataki na 3: Tayar kanta

A nan na fi so ka ɓata lokaci, domin yawancin manyan mashinanmu na hannu ne, da tayar da suka baro Turai ko Amurka da ita suke isowa, ga zane raɗau, ga tsufa.

Ɗaga gaba, ka shafa tafin hannunka a kan tayar kana juya ta, ka shafa gaba ka shafa baya. Idan ka ji tudu da kwari kamar kunyoyin gona, ko gefen kowane zane ya yi kaifi ta fuska ɗaya, tayar ta ci ba daidai ba. Irin wannan ita ce uwar rawar kai a matsakaicin gudu, kuma ba ta da magani sai canji. Ƙarancin iska da nauyin mashin a lokacin birki ke jawo ta.

Koma baya. Wanda ke yawan bin miƙaƙƙiyar hanya tayarsa ta baya tsakiyarta ke cinyewa, ta yi fale-fale, gefe ya bar kafaɗa. Da ka kwanta a kwana sai mashin ya hau kan kafaɗar nan yana neman inda zai tsaya. Daga nan rangaji ke farawa.

Duba shekarunta. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi 4, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. A zafin ƙasarmu, ni dai tayar da ta haura shekara 5 ko 6 ba na hawa babbar hanya da ita, ko da zanenta bai taɓu ba. Roba tana bushewa ta daina shanye girgiza.

Sai ka tabbata gaba da baya jinsi ɗaya ne. Wadda ke da R ko ZR a lambar girmanta, kamar 120/70 ZR17, saƙar cikinta daban da wadda ke da B ko ɗan layi kawai. Kada ka haɗa su sai in haka kamfanin mashin ya tsara. Dubi kibiyar da ke nuna inda taya za ta juya, don ana saka ta a baibai fiye da yadda kake zato. Dubi kuma siririn layin da ya zagaye taya kusa da bakin wili: tazararsa da ƙarfe ta zama ɗaya duk zagayen. In ya nutse a wani wuri, tayar ba ta zauna ba.

Wilin ma juya shi. Riƙe alli a jikin fok, wato ƙafafu biyun da ke riƙe da tayar gaba, bakinsa dab da gefen wili, ka ga ko yana taɓawa yana saki. Littattafan gyara da yawa milimita 2 suke ba da iyaka. Ramukanmu suna lanƙwasa wili ba tare da iska ta fita ba. In mai sifok ne, bi su ɗaya bayan ɗaya da sifana kana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi ƙara dum maimakon ƙil ya saki. Daga ƙarshe balans: cire wilin, ɗora shi da sandarsa a kan kujeru biyu, juya shi a hankali ka yi alama a inda ya tsaya a ƙasa. In sau uku wuri ɗaya yake komawa, can ne nauyi, sai a manna darma a gefen da ke kallonsa, wato wanda ya tsaya a sama.

Mataki na 4: Boris ɗin wuya

Kafe mashin a jak na tsakiya, wani ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa. In mai nauyi ne sosai, sa jak a ƙarƙashin inji da katako a tsakani, wani kuma ya riƙe maka.

Gwaji biyu ne. Na farko, tura kan da yatsa ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a hankali, kana saurare da hannunka. Ya kamata ya tafi sumul. Idan ya zo tsakiya ya ɗan faɗa wani gurbi kamar yana so ya zauna, boris ɗin wuya, wanda kan mashin ke juyawa a kansa, ya mutu. Dalili shi ne a doguwar tafiya kan yana miƙe ne kusan kullum, duk ramin da aka faɗa wuri ɗaya yake daka. Ka lura kada wayar kuloci ko tiyon birki su ruɗe ka da jan kan gefe guda.

Na biyu, tsuguna a gaban mashin, kama ƙafafun fok biyu ta ƙasa, ja su zuwa gare ka ka tura. Ko ɗan ƙwas ka ji, wuya ya saki. Wata alamar ita ce ƙarar ƙwal daga wajen maƙulli duk lokacin da ka kama birkin gaba da ƙarfi.

Nawa gurbi ya yi. Bakaniken da na fara kai wa ya ce, "Alhaji, bari in ɗaure maka shi tamau, ba zai ƙara motsi ba." Na ce a'a. Wuya mai tauri ba ya barin taya ta gyara kanta, sai ka ga mashin yana yawo a titi kamar ɗan maye, kana kamo shi nan yana tafiya can. Ɗaurin wuya awo gare shi a littafi, da sifana mai geji ake yi. Boris mai gurbi kuwa ɗauri ba ya gyara shi. A canza shi duka har da zoben da yake gudu a kai, sama da ƙasa, a cika giris.

Wasu mashinan gabansu ba irin wannan ba ne. BMW masu Telelever, wanda ya fito tun 1993, da Gold Wing daga 2018, suna da hannuwa da gaɓoɓi irin na ƙafar mota. A can gaɓoɓin ake dubawa ko sun yi lako-lako, kuma gara wanda ya taɓa kwance irinsu.

Mataki na 5: Sauran gaba, a gurguje

Tun da gaba na sama, kama taya sama da ƙasa ka girgiza ta gefe, don jin boris ɗin wili. Dubi ƙafafun fok: tsawon da suka leƙo a saman maƙalinsu ya zama ɗaya, kuma babu mai yana tsiyaya. Ƙafa ɗaya da mai ɗaya babu, kowace rawarta daban. In mashin ya taɓa faɗuwa, tsaya a gaba ka ga ko kan yana miƙe lokacin da taya take miƙe. In an cire tayar gaba kwanan nan, a sassauta ƙananan notin da ke matse sandar wili, a danna gaba sau huɗu ko biyar ya zauna, sannan a ɗaure bisa awo.

Mataki na 6: Baya

In rangaji ne matsalarka, nan ne gidanta. Ɗaga tayar baya, kama ta ka tura hagu da dama. Motsi na nufin boris ɗin wili ko na hannun da ke riƙe da tayar ya ci. A manyan Harley hannun nan a jikin giyabos yake, injin kuma a kan roba yake zaune, don haka robobin in sun tsufa baya yakan yi ta lilo. In mashinka mai sarƙa ne, tabbata alamomin ja na hagu da dama sun yi daidai, in kana shakka ja zare daga gefe biyu na tayar baya zuwa gaba ka ga ko tayar gaba tana tsakiya.

Sai shokozoba. Danna bayan mashin da ƙarfi ka saki. Ya taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi ta tsalle, man ciki ya gama aiki.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne ɗaurin sifirin. Samo tef ɗin tela. Tayar baya na sama, auna daga sandar wili zuwa wata alama a jikin mashin daidai samanta. Sauke shi, hau da kayanka da wanda za ka goya, wani ya sake aunawa. Bambancin ya zama wajen kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar shokozoban. In ya wuce, ƙara ɗauri, akwai maƙulli ko maɓalli don haka. Bayan da ya nutse yana ɗage gaba, tayar gaba ta yi sakayau ba nauyi a kanta. Alamar da ba ta ƙarya: ka goya mutum da daddare, motocin da ke tahowa suna ta yi maka fitila alhali ƙaramar wuta ka kunna.

Mataki na 7: Kaya

Akwatin baya na sama shi ne wuri mafi daɗin zuba kaya, shi ne kuma mafi muni, don yana sama, yana bayan sandar tayar baya. Buɗe murfinsa za ka ga iyakar nauyinsa a rubuce. Gold Wing da duk girmansa kilo 9 aka yarje wa akwatinsa na sama, 9 kuma kowane na gefe. Ni da na juye nawa a kan sikeli, jarkar fetur lita 5, sifanu, sarƙa da kwaɗo, robar ruwa, kilo 14 na gani.

Masu nauyi su koma akwatunan gefe, a ƙasa, ta gaba, hagu da dama su yi kusan ɗaya. Na sama na rigar ruwa ne da hula. Kada ka ɗaura jaka a kan fitila ko a jikin kan mashin. Gilashin tare iska ma abin dubawa ne: wanda ke maƙale a jikin fok, irin na Harley Street Glide, duk iskar da ta buge shi hannunka take zuwa, saɓanin na Road Glide da ke jikin firam. In ka ƙara dogon gilashi na kasuwa sannan rawa ta fara, cire shi ka gwada. Haka tufafi. Kaftani ko rigar da ta yi maka yawa tana cika da iska tana fizgar kafaɗunka, kafaɗu kuma suna fizgar kan mashin ba ka sani ba.

Mataki na 8: Gwaji

Abu ɗaya za ka canza, ka gwada, sannan na gaba, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin mai laifin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, yi wannan kwanaki kafin ka ɗau hanya. Nemi miƙaƙƙen titi mai kyau da safe, cikin cikakkun kayan kariya, ka riƙa ƙara gudu goma-goma, hannu biyu a kan mashin. Kada ka saki hannu don ka ga ko zai yi. Ba kuma sai ka kai inda allura ta ƙare ba, ko motar gida ma 100 doka ta yanke mata a babbar hanya. Ka kuma raba laifin mashin da na titi: kwarin da tayoyin tirela suka haƙa a kwalta, da wurin da aka kankare ana gyara, suna sa kowane mashin ɗan yawo. A irin nan sassauta hannu ka bar shi ya bi.

In ta kama ka a kan hanya

Matse tanki da gwiwoyi. Riƙe kan, amma kada ka ƙage hannu kana kokawa da shi, ba za ka iya saurinsa ba, ƙarfinka ma ƙara masa wuta yake yi. Sunkuya gaba, ƙirji kusa da tanki. Rage totur sannu a hankali, ba saki ɗaya ba. Kada ka cafki birkin gaba. Idonka a can nesa inda kake son zuwa. Da ta lafa, matsa birkin gaba sau biyu ko uku tun kafin ka buƙace shi, domin kaɗawa mai ƙarfi tana iya tura takalman birki baya, ka kama ka ji fanko. Sannan ka sauka gefe ka duba taya, wataƙila ma iska ce ke fita.

Damfa fa?

Tana aiki, amma a kan rawar kai kaɗai, kuma rage ta take yi, ba ta gyara taya ko boris. In rangaji ne, damfa mai tauri na iya ƙara shi. Wanda mashinsa ya zo da ita daga kamfani ya duba ko tana yoyo, ya juya kan ya ji ko tana riƙewa daidai daga farko zuwa ƙarshe. Wanda nasa bai zo da ita ba, sai ya gama duk na sama tukuna.

Ni ban saya ba. Sabuwar tayar gaba, boris ɗin wuya, iska 36, jarkar fetur ta koma ƙasan akwatin hagu, sifanu na dama. Bayan sati biyu na sake bin hanyar Zariya, na tarar da facin kwaltar nan yana nan inda yake. Kan ya ɗan girgiza sau ɗaya da na hau shi, ya koma tsakiya.